Tashar Ƙaura a Kan Ƙyaure

Greensboro, 20 ga Oktoba, 2002

Yaya Jimmai,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, da aikin makaranta. Ya haƙurin Inna? Ni lafiyata lau, sai ɗan tari na shigowar sanyi.

Wasiƙarki ta iso ta hannun Alhaji Boukari mai zirga-zirga tsakanin nan da Maraɗi, kwana goma sha tara bayan an binne Baba. Kafin nan an riga an faɗa mini a waya, ina tsakiyar aiki a kamfanin safa. Na ce innalillahi, na ajiye wayar, na koma na ƙarasa cika kwalin da ke gabana. Ranar Juma'a mutanenmu na Maraɗi da Damagaram suka taru a masallaci aka yi addu'a, 'yan Gana ma sun zo, matansu suka dafa shinkafa. Kowa ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri. Na yi ta jiran abin da zan yi haƙurin a kansa, bai zo ba. Har yau ban yi kuka ba, kuma ba daurewa nake yi ba. Ba na jin komai ne kawai. Ke kaɗai zan iya faɗa wa haka. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, zagina halal ne a gare ki, sai ki yi.

Kin tambaya ko zan zo kafin Inna ta fita takaba. Kin san amsar. Takarduna sun ƙare shekara uku ke nan, in na fita ƙasar nan ba ni da ƙofar dawowa. Ki faɗa mata yadda za ta ji da sauƙi. Ni ban san yadda ake yi mata magana ba. Ɗan fari ne ni, ina shekara tara aka kai ni riƙo Maraɗi, ko sunana ba ta taɓa kamawa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mai gidan da nake haya wani tsoho ne baƙar fata, Nicodemus, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. A ɗakin da ke ƙarƙashin gidansa yana da ƙananan jiragen ƙasa, kowane tarago bai wuce tsawon tafin hannu ba, suna tafiya da lantarki a kan layin dogon da ya ƙera da hannunsa. Yanzu hannun yana rawa, kayan aikin suna zaune. Da ya ji mahaifina heluman masu gyaran dogo ne, sai ya ja ni ƙasa ya nuna mini. Na ce masa a garinmu, Ƙaura Namoda, dogo yake ƙarewa, daga nan sai mota. Ya tambaye ni faɗin dogonmu. Ni ɗan Malam Hamissou heluma na tsaya ina kallon ƙasa, ban sani ba. Tsohon ya jawo wani tsohon ƙyauren ƙofa ya ɗora a kan tebur, ya ce in ina so in gina tasharmu a kai.

Ina so. Ki ari tef wurin tela ki je tasha. Ki auna mini tsakanin ƙarfe da ƙarfe, daga ciki zuwa ciki. Ki auna tsakanin silifa da silifa, wato ƙarafan da ke kwance a ƙarƙashin dogo, ba na ƙafarki ba. Ki ƙirga nawa ne daga ƙarfen da ake ja a juya wa jirgi hanya zuwa rumfar da Baba yake zama tun da ya bar aiki. Sannan ki rubuta mini duk abin da idonki ya gani, yadda yake yau, ba yadda yake da ba.

Ƙaninki,
Tahirou

Ƙaura Namoda, 1 ga Disamba, 2002

Tahirou ɗan Faransa,

Wa alaikumus salam. Ya azumi, ya sanyin ƙasar mutane? Duk muna lafiya. Inna ƙafafunta na ɗan kumbura, likita ya ce jini ne ya hau, an ba ta magani.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na nemi layi ɗaya da zan karanta wa Inna, ban samu ba. Dole na ƙirƙira. Na ce ka ce kana yi wa Baba addu'a kullum, kuma takardu ne suka riƙe ka. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi masa alheri," ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta tambayi komai ba, amma sai da ta karɓi ambulan ɗin ta sa a ƙarƙashin filo.

Namiji mai shekara talatin da takwas, ubansa bai yi wata biyu a ƙasa ba, abin da ya dame shi wasan jirgi. Wallahi raina ya ɓaci, na rantse ba zan je ba. Bayan kwana uku na tsinci kaina durƙushe a tsakiyar dogo da tef ɗin Talatu mai ɗinki, da azumi a bakina, mutane suna tsayawa suna kallo. Na ce musu darasin lissafi nake shirya wa 'yan aji biyar. Ka sa malamar makaranta ƙarya sau biyu a watan Ramadan, kai za ka ɗauki zunubin.

Ga awonka. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe inci arba'in da biyu. Tsakanin silifa inci talatin, wasu sun ɗan goce. Daga ƙarfen juya hanya zuwa rumfar Baba silifa goma sha bakwai. Jirgi kan yi makonni bai zo ba, don haka saman dogon ya yi ja da tsatsa, ciyawa ta fito a tsakani, awaki sun cinye rabinta. Akwai tarago ɗaya da aka bari a layin gefe, ƙofarsa a buɗe. Darbejiyar nan tana nan, an sare mata reshen da ke kallon gari.

Rumfar kuwa, mako ɗaya bayan rasuwar aka yi iska ta ƙarshen damina, ta naɗe kwano ɗaya na gefen gabas ya koma kan ɗan'uwansa. Wani ya ɗora tsohuwar taya don kada ya tashi. Bencinsa na nan. Shuɗiyar butarsa tana rataye a ƙusa, ba wanda ya iya saukewa. A nan ni na yi kukan da kai ka kasa, har tef ɗin ya jiƙe.

Ba zan faɗa wa Inna zancen wasan nan ba, kuma kai ma kada ka bari ta ji. Wani abu kuma: 'yata Malika tana da ciki, haihuwa wajen watan Mayu, zan je Sakkwato in zauna mata. Kada ka aiko da komai a lokacin sai ka ji na dawo.

Yayarka, duk da haka,
Jimmai

Greensboro, 16 ga Fabrairu, 2003

Yaya Jimmai,

Barka da salla, an yi layya lafiya? Ya jikin Inna? Ni ina nan, aiki, gida, aiki.

Na gode da awon. Komai a nan ana rage shi kashi tamanin da bakwai, sai inci arba'in da biyun ki suka koma milimita goma sha biyu da ɗan ɗori. Mun je kantin da ake sayar da kayan, mai kantin ya ce dogonsu na Amurka ya fi namu faɗi, bai taɓa ajiye irin namu ba. Nicodemus ya ce da ma bai yi niyyar saya ba. Mun sayi ƙarfen dogon kawai, siriri kamar tsinken tsintsiya, sauran da hannu.

Silifa ina yanka su ne daga allon nan mai fuskar jan ƙarfe, irin wanda ke cikin rediyo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran rediyo a kasuwar Maraɗi, ban san a nan zai yi amfani ba. Kowace sai na tsaga jan ƙarfen a tsakiya don kada wuta ta haɗu, in manna ta da gam, in ɗora dogo, in sa ma'auni tsakanin ƙarafan biyu, in ɗiga darma a dama, in ɗiga a hagu. Guda ɗari uku da sittin da ɗaya ne. In na tashi daga kamfani ƙarfe uku, in hau bas in sauka cikin gari, in canja wata zuwa unguwarmu, kafin magariba ina samun in yi goma sha biyu.

A watan jiya aka yi ruwan ƙanƙara, ya daskare a kan wayoyi, bishiyoyi suka yi ta karyewa, kwana biyar babu wuta. Babu wuta babu darma. Sai na hau da kayan sama na zauna bakin taga da bargo, ina goge ƙarfe da magagari. Inda hanya ke rabuwa biyu akwai wani harshen ƙarfe da ke motsawa, sai an goge shi har bakinsa ya yi kamar reza, ya kwanta jikin ɗan'uwansa ba tare da gashi ya iya shiga tsakani ba. Na lalata shida, na bakwai ya zauna. Ban je Juma'a ba, ba a iya fita. Ban ji na rasa komai ba.

Da wuta ta dawo na haɗa, na kira tsohon. Bai duba da ido ba. Ya tura tarago da yatsa ɗaya, ya rufe ido yana saurare. Ya kai wani wuri ya tsaya, ya ce, "Nan. Cire ka sake." Haka Baba yake yi bayan asuba, ya bi dogo da doguwar guduma yana bugawa, kansa a karkace, yana jin wanda ya saki. Na tuna da haka sarai, har kalar hularsa. Na tsaya in ji ko wani abu zai motsa a ƙirjina. Sai na ɗauki kayan aiki na cire silifa huɗu na sake.

Ƙasar garin nan ja ce irin ta Ƙaura. Ina ɗebowa a bayan gida, in gasa a murhu ta bushe, in tace da matacin shayi. Kwanon rumfa na yi shi da takardar alminiyon da ake rufe abinci, na danna a kan haƙoran matsefi. Nicodemus ya kawo mini kwalin ƙananan mutum-mutumi, masu jaka, masu tuta, ya ce tasha ba ta zama ba mutane. Na mayar masa. Ba don wani malami ya hana ba. Ban san wa zan tsayar a wurin ba.

Tahirou

Greensboro, 11 ga Mayu, 2003

Yaya Jimmai,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Alhaji Boukari zai tashi gobe, ina sauri.

Na gama. Jiya da hantsi muka ɗauko ƙyauren ni da Nicodemus muka fito da shi bayan gida, muka ɗora a kan durom biyu, yadda babu komai a bayansa sai sama. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya sa kyamara daidai da dogon, ya ce haka mutum zai gani in yana tsaye. Ga hoton. Ki duba ko na yi kuskure a wani wuri. Butar ce ta fi ba ni wuya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, sau uku tana ɓace mini.

Na zaci in na gama zan ji wani abu. Na share tebur, na jera magagarai, na hau sama na dafa taliya.

Tahirou

Ƙaura Namoda, 6 ga Yuli, 2003

Tahirou,

Bayan sallama. Malika ta sauka lafiya, mace. Sauran labarin ba mai daɗi ba ne, ka zauna.

Na ce maka kada ka aiko da komai a watan Mayu. Ashe a wasiƙata inci-inci kawai ka karanta. Ƙanin Alhaji Boukari ya kawo saƙon daga Maraɗi, bai same ni ba, ya kai wa Inna. Ta ji abu mai tauri a ciki, ta zaci hotonka ne, ta buɗe. Ba ta iya karatu, amma tana da ido. Ta ga rumfar mijinta, da kwanon da iska ta naɗe bayan ya rasu, da tayar, da butarsa a ƙusa.

Ta aika aka kira Malam Rabiou, wanda suka yi shekara talatin a dogo tare da Baba. Ya sa tabarau ya duba, ya rantse tashar ce, har ya ce mai hoton a gindin darbejiya ya tsaya, kuma bana aka ɗauka. Kafin in dawo magana ta zaga unguwa. An samu wanda ya ga wani dogon mutum da baƙin gilashi yana zagaya tasha a watan huɗu. An samu wanda ya ga motar da ta kawo shi. Yanzu duk Ƙaura ta san ɗan Ousseina ya zo daga Amurka a ɓoye, ya ɗauki hoto, ya koma, bai taka gidan uwarsa ya yi mata gaisuwa ba.

Na zauna na yi mata bayani tun daga tef ɗin Talatu. Ta bari na gama, ta ce, "Jimmai, na tsufa amma ban haukace ba. Buta a kan ƙyaure? Ki daina rufa masa asiri." Na kasa musu da ƙarfi, don ta san na taɓa ƙara gishiri a wasiƙunka. Ta ce, "Taku ɗari biyu ne daga can zuwa ƙofata." Ta fito da bargon da ka aiko mata bara da duk ambulan ɗin da ke ƙarƙashin filo, ta ce in kwashe. Ta ce kada in ƙara karanta mata saƙon mutumin Maraɗi. Ba ta yi maka baki ba, amma ba ta ƙara sa maka albarka bayan salla, kuma da tana yi, a hankali, tana zaton ba na ji.

Ba ta cin abinci sosai, ƙafafun sun ƙara kumbura. Ina tsoro ta tafi da wannan a ranta, kai kuma ka zauna da shi har ƙarshen rayuwarka.

Zan faɗa maka gaskiya. Ni da na auna da hannuna, da na ga hoton sai da gabana ya faɗi. Har ciyawar da awaki suka ci rabi tana nan. Don haka ina tambayarka sau ɗaya, ka amsa don Allah: ka zo ko ba ka zo ba? In ba ka zo ba, ka aiko da abin da tsohuwa za ta gani ta yarda.

Jimmai

Greensboro, 9 ga Agusta, 2003

Yaya Jimmai,

Ina gaisuwa. Allah ya raya jaririya, ya ba Inna lafiya.

Ban zo ba. Tun ranar da na sauka a ƙasar nan ban fita ba.

A tashar bas ta cikin gari na buɗe wasiƙarki. Bas ɗina ta zo ta tafi, ta biyu ma haka. Zan faɗa miki abin da na fara ji, ki zage ni in kin so. Da na karanta cewa Malam Rabiou ya rantse, abin da ya fara zuwa mini shi ne, ashe aikin ya yi. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan dogon nan bai gane ba. Sai daga baya na kai wurin bargon. Ina jin kunyar wannan, ita ce abu na farko da na ji sosai tun bara.

Na fassara wa Nicodemus. Ya fara dariya, ya ce a shekara arba'in bai taɓa samun yabo irin wannan ba. Da na kai ƙarshe ya daina. Ya ce, "Ɗauko ƙyauren." Ga hoto na biyu. Ana ganin ƙyauren gaba ɗaya har da ramin makulli, da durom biyun, da katangar maƙwabta. Hannuna ne a kan rumfar, ya rufe ta duka. Cokalin shayin da ke kwance a kan dogo ya fi taragon tsawo.

Alhaji Boukari ba zai yi tafiya ba sai bayan azumi, don haka ta gidan waya zan sa. Ki nuna mata ranar da ya iso.

Tahirou

Ƙaura Namoda, 3 ga Oktoba, 2003

Tahirou,

Ina gaishe ka, ina fata tarin bai dawo ba. Mu lafiya. Inna da sauƙi, kuma sauƙin ne ya sa nake rubuta wannan.

Hotonka mako bakwai ya yi a hanya. Na gani, na yarda, ka yafe mini tambayar da na yi. Amma ban nuna mata ba. Yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Ga dalili.

Mako uku kafin ya iso, wata Juma'a bayan la'asar, Inna ta ce in raka ta tasha. Tun rasuwar ba ta taka wurin ba. Muka tafi a hankali, tana dafe da kafaɗata. Ta wuce rumfar ko kallo ba ta yi ba, ta je gindin darbejiya, ta ciro hoton daga cikin zane. Ashe shi ba ta ba ni in kwashe ba. Ta ɗaga shi, ta matsa dama, ta matsa baya, har abin da ke hannunta ya yi daidai da abin da ke gabanta. Ta ce, "Nan ya tsaya." Sannan ta juya, ta ce, "Daga nan ana hango rufin ɗakina."

Mun daɗe a tsaye. Can ta ce, "Ni na koya masa. Yana shekara uku, in ya rugo zai kama zanena sai in kau da kai, don surukai na kallo. In ya faɗi sai wata ta ɗaga shi. Ranar da za a kai shi Maraɗi ina ɗaki, ban fito ba, aka yi ta yabona da kunya. To ya zo. Ya tsaya daga nesa, yadda na saba tsayar da shi. Wa zan ba laifi?"

Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawon haka a kanka ba. A hanyar dawowa ta ce, "Ki rubuta masa na yafe, duniya da lahira. Ki kawo mini bargona."

Tun ranar tana cin tuwonta. Kowace Juma'a sai mun je gindin bishiyar nan ta tsaya kaɗan. In mata suka taɓa zancen, sai ta ce, "Ya zo wurin ubansa, zuciyarsa ce ba ta iya shigowa gida ba."

Ka samu abin da muke nema, Tahirou. In na fito da cokalin shayin nan, zan karɓe mata zuwan da ka yi, kuma shi kaɗai take da shi. Shawarata a bar shi a akwati. Amma uwarka ce, hotonka ne. Abin da ka ce shi zan yi.

Jimmai

Greensboro, 9 ga Nuwamba, 2003

Yaya Jimmai,

Barka da shan ruwa. Na ji daɗin jin Inna na cin abinci.

Kwana tara na yi ina ƙoƙarin bin shawararki. Na karanta wurin yafiyar sau da yawa. Kowane karo sai in ji kamar wasiƙar wani na buɗe. An yafe wa wani mutum da ya hau jirgi, ya zo, ya tsaya a gindin bishiya yana kallon rufin ɗakin uwarsa. Ina ma ni ne. Mutumin nan ya fi ni. Ni ina ɗakin ƙasa ina tace ƙasa da matacin shayi.

Kuma ga shi ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, kowace Juma'a tana tafiya da kumburarrun ƙafafu wurin da ban zo na tsaya ba. Ba zan iya cin wannan ba.

Ki nuna mata. Ki faɗa mata ba tare da gishiri ba: bai zo ba, bai san ranar da zai zo ba, ubansa ya rasu bai yi kuka ba, ya yi wata bakwai yana gina rumfa a kan ƙyaure domin bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ki ce wannan yake roƙo a yafe masa. In ta janye abin da ta ce, ta janye. Ina tsoro, Yaya. Na rubuta takardar nan sau uku.

Tahirou

Ƙaura Namoda, 14 ga Disamba, 2003

Tahirou,

Bayan gaisuwa, an yi salla lafiya. Kowa ƙalau, Inna tana nan yadda take.

Na bar salla ta wuce tukuna. Ranar Talata da hantsi na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na zauna, na karanta mata wasiƙarka daga farko har ƙarshe, ban ƙara ba, ban rage ba. Sannan na miƙa mata hoton.

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi. Ta aike ni ɗaki na ɗauko na farkon, ta jera su a kan cinyarta. Ta sa yatsa a kan cokalin, ta sa a kan ramin makullin. Na ga lokacin da ta gane, don kafaɗunta sun sauka.

Ta ce, "Ashe bai zo ba."

Na ce, "Bai zo ba, Inna."

Ba ta yi kuka ba. Ta ja farantin waken ta ci gaba da tsincewa, hotunan suna kan cinyarta. Na zauna har inuwa ta bar mu, ina jin haushinka, ina jin haushin kaina. Da na ga za ta tashi, na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, yana tambaya ko yafiyar tana nan."

Ta ce, "Abin da na faɗa na faɗa. Har da wannan."

Sai ta ɗauki hoto na biyu ta miƙo mini, ta ce, "Mayar masa da abinsa. Ni wancan aka aiko mini." Ga shi cikin ambulan ɗin nan. Na farkon ta mayar cikin zane.

Na zaci zuwa tasha ya ƙare. Shekaranjiya Juma'a, ana idar da la'asar, sai ga ta a ƙofata da mayafi. Muka je. Ta tsaya a gindin darbejiya kamar kullum, ba ta ciro hoton ba. Da muka juyo, wajen ƙarfen juya hanya, ta tsaya ta huta. Ta ce, "Za ki rubuta masa?" Na ce yau ko gobe.

Ta ce, "Ki ce masa in ya sake zuwa, ya shigo."

Yayarka,
Jimmai